Bargon da Ke Kan Tankin

Talata, 9 ga Janairu, da hantsi

Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya fito kamar kaza ta bi ta kan takarda. Dama tana naɗe cikin bandeji har gwiwar hannu. Likita ya ce in nemi abin da zai ɗauke min hankali. Na ce ai shekara arba'in ina da shi, yana can benen sama na asibitin nan an cusa masa roba a maƙogwaro.

Mijina Delmer bai farka ba. Sun ce da gangan suke riƙe shi cikin barci saboda ƙunar, ƙafafu da ciki da gefen fuska. Huhun kuwa dama ƙurar kwal ta gama da shi tun kafin a rufe ramin haƙar. Na'ura ce take hura shi. Na tsaya bayan gilashi ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka a natse, abin da bai yi ba shekara da shekaru.

'Yarmu Twila ta iso daga Ohio jiya, cikin dusar ƙanƙarar nan. Ta rasa inda za ta riƙe ni, sai ta kama kafaɗuna. Ta ce, "Mama, an ce da hannunki kika fizge wutar daga jikinsa."

Haka ne. Da hannuna na fizge ta.

Laraba, 10 ga Janairu, da yamma

Shugaban 'yan kwana-kwana na garinmu ya kira Twila a waya. A aljihun rigar Delmer, wadda suka yanka suka cire masa, sun tsinci karan sigari ya ƙone rabi.

Ina zaune kusa da ita ina kallon fuskarta tana rufewa. Ta ajiye wayar a hankali. Ta ce, "Ya yi min rantsuwa, Mama. Ranar da aka kawo tankin oksijin ɗin nan ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya ce ya bar taba har abada. Kina wurin."

Ina wurin. Kuma na san karan nan. Shekara uku yana aljihunsa, ya yi laushi, ya lanƙwashe. Bayan cin abinci yakan ciro shi ya shinshina, ya lumshe ido, ya mayar. Bai taɓa kunna shi ba. Ko ashana ba ya riƙewa.

Ta ce, "Da robar iska a hancinsa fa! Da ya kashe ku ku duka biyu."

Ban ce komai ba.

Alhamis, 11 ga Janairu, da safe

Bai farka ba. Twila ba ta shiga wurinsa ba.

Asabar, 13 ga Janairu, da rana

Yayarsa Maxine ta kai ni gida in ɗebo kaya. Tun daga gada take magana har muka hau kwarinmu, ba ta ko haɗiye miyau ba. "Tun yana yaro haka yake, Zella. A ce masa kada ya taɓa murhu, sai ya zauna a kai. Jakin Baba ma ya fi shi jin magana. Ke dai Allah ya ba ki lada, da ni ce da tuni na bar shi ya gasu, in sa masa gishiri." Tana faɗa tana share hawaye da bayan safar hannu.

Kujerarsa tana tsakar gida inda 'yan kwana-kwana suka jefar da ita, ƙanƙara ta rufe baƙin. A falo silin ya yi hayaƙi, ƙasa ta jiƙe. Sauran kaya ba abin da ya same su. Rigar talabijin tana nan, rigar keken ɗinki tana nan, har 'yar rigar na'urar gasa burodi mai fulawoyi. Ni dai ba na son ganin abu tsirara a gidana, haka aka yi ni. Delmer yakan ce in ya kuskura ya zauna shiru na ɗan lokaci sai ya farka ya tarar na ɗinka masa murfi mai baki-baki.

Tankin yana kusurwarsa, ko ƙwarzane babu. Ƙarfe ne fari sol, tsawonsa ya kai ƙuguna, cike da ruwan oksijin mai sanyin da ke ƙona fata. Yana ta 'yar ƙararsa, tsss, tsss, wadda ba ya dainawa dare da rana.

Maxine ta ce, "Kai, jibi mugun abin nan. Yau ne ma na fara ganin muninsa da kyau."

Na ce mata mu tafi, kaina yana ciwo.

Lahadi, 14 ga Janairu, bayan coci

Bai kamata in je ba. Mai wa'azi ya sa na miƙe a gaban jama'a, ya ce ku dubi hannun 'yar'uwa Ozella, ku ga yadda ƙauna take. Aka yi ta amin. Na tsaya da hannu a sama kamar wadda 'yan sanda suka kama.

Matan zumunta sun haɗo min dafaffen wake da burodin masara, kwano-kwano, har na rasa wurin ajiyewa. Su ne dai za su zo gidanmu waccan Lahadin da wutar ta tashi su duba Delmer. Tun asuba nake gyaran falo saboda su. Na goge, na jera, na rurrufe duk abin da bai kamata baƙo ya gani ba. Ashe ma ƙanƙara ta hana su fitowa.

Ɗaya ta raɗa min, "Kada ki riƙe shi a zuci, taba ai shaiɗan ce." Na ce na gode.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya ce bargo ko murhu a kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Talata, 16 ga Janairu

An yi masa dashen fata a ƙafar hagu. An yanko daga bayansa. Wake ya fara tsami a firji.

Alhamis, 18 ga Janairu, da hantsi

Roscoe ya zo, kamar kowace Alhamis. Shi ne direban kamfanin iska, shi yake cika mana tankin daga babbar motarsa tun farkon fari. Amma yau ba cikawa ya zo yi ba, ɗauka ya zo yi. Ya tsaya a baranda yana murza hula. Ya ce, "Mis Ozella, umarni ne daga ofis. In wuta ta tashi a gida, sai an janye kaya an yi bincike."

Na ce ya shiga. Na so in ba shi kofi, na kasa ɗaga buta.

Ya sa safar hannunsa mai kauri, ya durƙusa zai kwance tiyo. Sai na ga ya tsaya. A jikin mariƙin tankin, ta baya wajen bango, akwai guntun ƙyalle shuɗi a ɗaure. Da shi nake ɗaure kusurwar bargon don kada ta zame. Ranar gobarar na ja da sauri, ya tsinke ya zauna a wurin.

Ya kwance ƙullin a hankali. Ya miƙe, ya buɗe tafin hannuna na hagu, ya sa min, ya rufe yatsuna a kai. Bai kalle ni ba.

Tun watan farko ya taɓa tarar da tankin a rufe. Ya yaye da kansa, yana dariya, ya ce, "Mis Ozella, wannan abin numfashi yake yi. Ƙarar nan da kike ji, iska ce yake fitarwa kaɗan-kaɗan, kullum. In kika rufe shi, ƙyallen ne zai shanye ta. Ƙyallen da ya ƙoshi da oksijin kuwa, in ya ga ɗan tartsatsi, ba ya jira." Na ce to, na ji. Daga ranar, duk Laraba da yamma sai in yaye in ninke, in ya cika ya tafi in mayar.

Da ya tura tankin ya kai bakin ƙofa ya ce, "Ki gaishe min da Delmer in ya farka. Ki ce masa ni ban taɓa jin warin taba a gidan nan ba."

Gidan ya yi shiru da yawa. Ashe na saba da ƙarar.

Juma'a, 19 ga Janairu, da safe

Uwata ba ta taɓa rufa wa mutum bargo mai sanyi ba. Ko cikin barci take, sai ta tashi ta buɗe ƙofar murhun ƙarfe, ta baza bargon a gaban garwashi, ta juya gaba ta juya baya, sannan ta lulluɓe ka da shi da ɗuminsa. Haka tata uwar ta yi. Haka na yi wa Twila duk yarintarta. Ba tunani ake yi ba, hannu ne yake yi da kansa.

Ranar nan Delmer ya ce sanyi yake ji. Shi ke nan abin da ya ce. Mafi kusa da hannuna shi ne na kan tankin, mai taurari, wanda na haɗa da tsofaffin rigunansa na aiki. Da na taɓa shi sanyi ƙarara, har cikin ƙashi.

Kujerarsa ba ta ƙetare jan layin da Twila ta shata a ƙasa tsakaninsa da murhu ba. Shi bai taɓa ƙetarewa ba.

Ba zan iya rubuta sauran ba yau.

Litinin, 22 ga Janairu, da yamma

Sun cire robar. Ya buɗe ido.

Muryarsa ba ta fita sai an kai kunne. Abin da ya fara tambaya wai ko an zuba wa tsuntsaye tsaba a baranda. Na ce mutumin banza, ana ta kai wa yake ta tsuntsu. Na yi dariya, na yi kuka, har ma'aikaciyar jinya ta kawo min kujera.

Talata, 23 ga Janairu, da rana

Twila ta shiga. Ta tsaya a ƙarshen gado, jaka a rataye, ko zama ba ta yi ba.

Ta ce, "Baba, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka kunna ko ba ka kunna ba?"

Ya dube ta. Ya juyo ya dubi bandejin hannuna, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa bakina a buɗe yake, wallahi a buɗe yake, maganar tana kan harshena.

Ya ce, "Na kunna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To. Na gode da ka faɗi gaskiya." Ta fita, ina jin takalminta har ƙarshen baranda.

Na ce, "Delmer Caudill, ka haukace ne?"

Ya ce, "Rufe min baki, tsohuwa. Ni an saba jin haushina, ba sabon abu ba ne. Ke in ta sani, ta kwashe ki ta kai Ohio ta ajiye a ɗakin ƙasa, ta ɓoye miki ashana. Wa zai dafa min wake?"

"Ka gani ke nan."

"Na gan ki kina juya shi a gaban wuta. Har na ce a raina, kai, matar nan tana ji da ni."

Ya yi tari har na'ura ta fara ƙara, aka fitar da ni.

Ban ce komai ba. Wannan karon har izini aka ba ni, kuma na karɓa hannu biyu. Abin da ya fi ci min rai ke nan: da ya ce na kunna, wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina. Daɗi na ji.

Asabar, 27 ga Janairu

An kwance bandejin. Fatar ta yi ja, tana sheƙi. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Likita ya ce da wuya in ƙara riƙe allura. Na ce ba laifi.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, da yamma

An tara mu a ƙaramin ɗaki, ni da Twila da matar da ke shirya sallamar marasa lafiya. Mace mai kirki, tana magana a hankali kamar mai lallashin yaro.

Ta ce ƙunar tana warkewa, nan da kwanaki za su sallame shi. Amma ba zai iya yini ɗaya babu oksijin ba. Kamfanin kuma ya ce ba zai mayar da tanki gidan da maras lafiya ya kunna sigari da roba a hanci ba. Sun tambayi wani kamfanin, shi ma ya ƙi. Saboda haka ba gida za shi ba. An samo masa gado a gidan kula da tsofaffi da ke bakin babbar hanya.

Na ce, "Na ɗan lokaci?"

Ta dubi Twila. Twila ta dubi tebur. Ta ce, "Mama, shi ya ɗebo da zafi."

A gidanmu aka haife shi, a ɗakin baya. Rabin rayuwarsa yana ƙarƙashin dutsen nan a durƙushe cikin duhu. Abin da ya roƙa a duniya ɗaya ne, ya ƙarasa sauran yana kallon dutsen daga waje, ta tagar falonsa.

Matar ta ce, "Misis Caudill, kina da abin cewa?"

Na ce a'a.

Juma'a, 2 ga Fabrairu, da safe

Na gaya masa. Bai san abin zai kai nan ba, na gani a idonsa. Ya ce, "An ce suna da talabijin babba."

Na ce zan faɗa. Ya ce in na faɗa ya sake ni. Na ce da wane numfashin za ka je kotu?

Talata, 6 ga Fabrairu, da la'asar

An kai shi. Twila ta sa hannu a takardu ta koma Ohio wurin aikinta. Ba ta leƙa ɗakin ba.

Tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci da bayan wani kanti. Iskar daga bango take fitowa. Abokin ɗakinsa yana kiran wata Loretta tun safe har yamma, ba wanda ya san ko wace ce.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na ji ƙarar babbar mota a ƙasan kwari, na miƙe zan yaye bargo. Har na kai kusurwar.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, da yamma

Na kai masa wake da albasa da burodin masara mai zafi, yadda yake so. Cokali biyu ya ci. Maxine ta ce, "Ka ci mana, mai taurin kai, ko sai an kunna maka shi?" Da can da ya rama, da sun yi ta yi har ma'aikata su shigo raba su. Yau murmushi kawai ya yi, ya juya ga bango.

A mota Maxine ta ce, "Zella, ƙanena tafiya yake yi. Na ga Baba ya yi irin wannan juyawar." Ta daki sitiyari. "A kan karan sigari ɗaya! Wawa, wawa, wawa."

Laifi tudu ne, in ji mutane, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa na haƙa masa rami na zauna a kai, ina kallon ana jifan mijina.

Laraba, 14 ga Fabrairu, da rana

Bai tambayi tsuntsaye ba.

Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tambaye ni ko Twila ta kira, na ce tana gaishe shi. Ya ce, "Ba ki iya ƙarya ba, tsohuwa." Na ce ai ka ga na fara koyo.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Twila tana hanya. Za ta zo ta kwashe kayansa daga kabad, ta ce kada in wahala da hannu.

Shuɗin ƙyallen yana aljihun rigar girkina. Na wanke rigar sau biyu da shi a ciki.

Asabar, 17 ga Fabrairu, da magariba

Na faɗa mata.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, da safe

Tana ninke rigunansa tana jefawa a kwali. Ta ɗauko hularsa ta rami mai fitila, ta riƙe. Ta ce, "Ina yarinya nakan jira shi a gada, ya ɗora min wannan a ka. Yanzu in na tuna fuskarsa haushi nake ji. Mama, ina tsoron ya mutu ban huce ba."

Sai na ciro ƙyallen na ajiye a kan gado. Na ce, "Ina bargo mai taurari, Twila? Kin tambayi kanki?"

Na faɗi duka, ban rage ba. Maganar Roscoe da yayewar Laraba. Matan zumunta. Ƙofar murhu a buɗe, ina juya gaba ina juya baya. Na ce ko tartsatsin ban gani ba. Na baza masa a ƙafa, ina sa gefen a ƙarƙashin cinyarsa, sai gaba ɗaya ya tashi lokaci guda, fari fat, da wata ƙara kamar an yage zane.

Ta ce, "Karan sigarin fa?"

"Shinshinawa yake yi. Shekara uku."

"Kina zaune na tambaye shi."

"Ina zaune."

"Kina zaune aka ce ba zai dawo gida ba."

"Ina zaune."

Da ta zage ni da ya fi. Ta ajiye hular a hankali, ta ɗauki makulli ta fita. Ta daɗe a cikin mota, inji yana aiki, kanta a kan sitiyari. Daga baya ta ja ta gangara. Ba ta kwana a nan ba.

Litinin, 19 ga Fabrairu, da yamma

Wurinsa ta tafi. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kujera ta kwana riƙe da hannunsa, da safe kuma ya cinye ƙwai biyu.

Ni kuwa da na shiga ya harare ni. "Baki kamar ƙofar kanti. Na ce ki yi shiru."

Na ce, "To sake ni."

Ya ce, "Sai na koma gida tukuna. Ba na sakin mace a gidan mutane."

Maxine ta ji. Ta kira ni a waya ta ce, "Wata shida zan yi ban yi miki magana ba, Zella." Sannan ta riƙe ni a wayar har shayina ya huce. A ƙarshe ta ce ita ma tata uwar haka take ɗumama bargo.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, da rana

Twila ta kai ni ofishin kamfanin. Na maimaita a gaban wani saurayi mai ɗaurin wuya, yana rubutawa. An kira Roscoe, ya faɗi abin da ya gani a mariƙin. Na maimaita wa shugaban 'yan kwana-kwana. Ranar Lahadi zan maimaita a coci, tunda a can aka ɗaga hannuna.

Sun ce za su duba, da sharaɗi. A kashe murhun kwal gaba ɗaya, a sa abin ɗumama ɗaki na lantarki wanda ƙarfensa ba ya yin ja, can nesa. Kuma wani ya zauna tare da mu. Twila ta ce ita ce, ta ɗauki hutu.

Tafiya da dawowa kalma uku ta ce min: "Ɗaura bel, Mama."

Laraba, 28 ga Fabrairu

Ba amsa. Ya sake yin zazzaɓi. Likita ya ce huhun ya ja baya sosai a makonnin nan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ban tambaye shi ko da an kai shi gida tun farko da yaya ba. Na san lissafin.

Litinin, 4 ga Maris, da hantsi

Sun yarda.

Alhamis, 7 ga Maris, da la'asar

Roscoe ya dawo da tankin. An toshe bututun murhu, an ɗaure ƙofarsa da waya. Murhun da ba a taɓa bari ya mutu a lokacin sanyi ba tun zamanin uban Delmer.

Ba a kusurwa aka sa tankin ba. Roscoe ya ce a bar masa fili ta ko'ina iska ta zagaya, nesa da labule. Ya sake koya mana komai daga farko, ni da Twila, kamar ba mu taɓa ji ba: a tsaye kullum, kada a jingina masa komai, kada a taɓa inda ya yi ƙanƙara da hannu, kada man shafawa ya kusanci robar hanci, a bar taga a ɗan buɗe in ana cika ƙaramin tankin ratayawa. Da ya zo kan maganar rufewa sai ya yi shiru. Na ce, "Faɗi, Roscoe." Ya faɗa.

Bayan ya tafi na bi gidan na cire rigar talabijin da ta keke da ta na'urar burodi, na cusa a buhu. Twila tana kallona, ba ta hana ba, ba ta taya ba.

Ga shi can tsirara a tsakiyar falo, kowa ya shigo shi zai fara gani. Tsss, tsss. Mummuna ne har yanzu.

Juma'a, 8 ga Maris, da yamma

Ya dawo.

Ɗaukarsa aka yi aka hawo da shi matakala, bai fi nauyin yaro ba. Twila ta sayo sabuwar kujera ta sa a bakin taga. Ya zauna, ya daɗe yana kallon dutsen. Tsuntsaye jajaye biyu suka sauka a baranda. Ya ce, "Sun rame. Ba a kula da su."

Rana ta faɗa bayan dutse, falon ya fara hucewa. Abin lantarkin nan ba ya kama ƙafar murhu. Ina tsaye a ƙofar kicin sai ya ce, "Sanyi nake ji."

Ba wanda ya motsa. Na sa hannuwana a bayana.

Twila ta miƙe ta fita baranda. Tun safe ta shanya wani bargo a igiya ya sha iska, wanda na ɗinka mata lokacin bikinta, ta taho da shi daga Ohio. Ta shigo da shi a kafaɗa, ta tsaya a gaban ubanta. Na juya zan koma kicin.

Ta ce, "Mama."

Na tsaya.

"Ungo. Ke kika san yadda yake so a ƙafa."

Na karɓa. Sanyi ƙarara, na waje. Kafin in ankara ƙafafuna sun juya wajen murhu, hannuwana sun fara baza shi a gaban ƙofar da aka ɗaure da waya. Su biyu suna kallona. Na tattaro shi, na dawo, na rufa masa haka nan da sanyinsa, na tura gefen ƙarƙashin cinyarsa da yatsun da suka rage min.

Ya ce, "Kai, tsohuwa, wannan ai ƙanƙara ce."

Na ce, "Haka za ka sha shi daga yau."

Ya ɗaga gefen bargon da hannunsa mai tabo, ya matsa kaɗan.

Ya ce, "To shigo mana. Mu ɗumama shi."